Wayar da Ta Ƙi Shiga Lalitar Inna

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Yau kwana goma sha bakwai ban ji muryar Inna ba.

A bayan littafin awo nake wannan rubutu, don in ban zube abin da ke cina a takarda ba, a kan masu kawo ɗinki zan sauke shi. Jiya ma na sauke wa wata baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba, rigar ɗiyarta kawai ta zo karɓa.

Shekara biyu Inna tana da 'yar wayarta, ƙarama, gilashin duk ya sha karce. Tsawonta inci biyar, ni na auna da tef ranar da na ɗinka mata lalitar da take ɗaurawa a ƙugu. A ƙauyenmu, can bayan Adabka, ba a fito da waya a fili tun da mutanen dajin nan suka fara shigowa. Kowa ya san abin da ke samun wanda aka gani da mai kyamara a hannu, ba sai na rubuta ba. Sabis kuma babu shi sai a kan tudun rijiya. To Inna ta samu dabararta. Ta shiga ɗaki, ta danna hotona, ta yi maganarta, ta cusa wayar a lalita, ta ɗaura zane a kai, ta ɗauki tulu. Tana jan guga saƙonta zai tafi da kansa, nawa kuma ya shigo. Ba wanda ya taɓa ganin wayar, kuma ba ranar da ta wuce ban ji ta ba.

Sai ga Babbar Sallah, Inna ta zo mana nan Gummi. Yaya Saifullahi, babban mai shagon waya na bakin kasuwa, wai kunya ta ishe shi, uwarsa na yawo da abin da ko yara ba sa ɗauka. Ya karɓe ƙaramar, ya kawo mata sabuwa fil a kwali, mai faɗi kamar madubin bango. A satin ya sayar da tsohuwar.

Inna ta koma saboda akuyoyinta da 'yar gonarta. Muka yi da ita cewa da zarar ta kammala shiri za ta faɗa mini rana, Makau mai mashin ya ɗauko ta a mashigi kafin rafi ya cika. In ya cika, sai bayan damina. Makau ba ya tsallaka mashigi, ba ya kuma iya tsayuwa can yana jira, sai an ba shi rana da lokaci. To wa zai ba shi?

Litinin, bayan la'asar

Saƙona na goma sha tara. Alama ɗaya ce a gefensa, bai shiga ba.

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na je shagon. Na tarar da shi yana goge gilashin kanta kamar duniya lafiya take.

Na ce, "Yaya, wa ka sayar wa wayar Inna?"

Ya ce, "Naja'atu, kin san mutum nawa ke shiga shagon ga a wuni? Ina zan tuna?"

"To ba ni wata irinta."

"Babu. An daina kawo su. Ba mai saye."

"Ga ni nan tsaye, ni mai saye ce."

Ya ce, "Ke ɗaya ce, ba a yi wa mutum ɗaya waya."

Ka ji mini magana! Muna cikin haka wani saurayi ya shigo, ya ɗauki wadda yatsunsa ba su ma zagaye ta ba, ya ce ba wadda ta fi wannan girma? Yaya ya dube ni, ya ɗaga gira, wai kin gani. Na gani. Mutane na son kallon ƙwallo da fim, suna son batirin da zai kwana biyu tun da wuta ba zama take ba. Ban ce su daina so ba. Ni ma sau nawa na farke aljihun rigunan maza na ƙara masa zurfi saboda waɗannan abubuwa? Amma don masu son babba sun fi yawa, sai a ce masu son ƙarama sun mutu?

Ya ciro mini wata mai madannai, irin da ake kira rakani-kashi, wai ga ƙarama. Na ce sannu da ƙoƙari. Da wannan sai ta tsaya a kan tudu, a bainar jama'a, waya a kunne, tana jiran kira ya shiga. In kashe ta kake so ka yi ka faɗa mini kai tsaye. Ya sha mur, ya ce in iya bakina, uwarsa ce shi ma. Na ce da ka tuna da haka ran Sallah.

Na fito. Na faɗi abin da na faɗa, ban janye ba.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Makau kan kai wa 'yan tireda kaya Adabka duk Laraba. Ya dawo. Ba ko mutum ɗaya daga ƙauyenmu da ya fito. Ya ce tun abin da ya faru makon jiya mutane sun rage fitowa. Na ce mene ne ya faru? Ya dubi ƙasa ya ce, "Bari dai, Naja." Ban ƙara tambaya ba.

Mashigi, in ji masu zuwa, ruwa iya idon sawu.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan azahar

Na rufe keke na shiga kasuwa da lalita a jaka, irin ta Inna sak, awo ɗaya. Shago goma sha ɗaya na shiga. Ko'ina sai in ce a ba ni mafi ƙanƙanta, in gwada sa ta. Ko ɗaya ba ta wuce rabi ba.

Sunaye kuwa, Allah ya sawwaƙe. Wannan Layit ce, waccan Go, ga mai E a wutsiya, ga mai C, ga Furo, ga Maks, ga Furo Maks gaba ɗaya. Na ce wa wani, malam, a cikin duk wannan tarkace wace ce ke nufin ƙarama? Ya yi dariya ya ce babu. Wai Layit da Go da sauransu duk sunan ta talaka ne, an rage mata kyamara, an rage mata ƙarfi, amma jiki ba a rage ba, don talaka in bai ga abu ya cika masa hannu ba sai ya ce an cuce shi. Ƙarama mai kyau, in ji shi, sai manyan birane, ita kuma ta masu hali ce. Wato yanzu ƙanƙanta ma ta zama kayan masu kuɗi. Su da kunyar kiran abu da sunansa, su rubuta "mai araha" a kwali mana, kowa ya huta.

A shago na ƙarshe na tarar da wata Bafulatana mai nono da wani tsoho mai rawar hannu, su ma ƙarama suke nema. Mu uku a shago ɗaya, a awa ɗaya, mai shago yana duban idonmu yana cewa ba mai saye. Na ce ba ku kawo ba, ba mu saya ba, sai ku ce ba ma so. Tir.

Juma'a, 11 ga Yuli, hantsi

Kwana ashirin da ɗaya. Alama ɗaya.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na ce to bari in bi ta wajen da na iya. Tun da waya ta ƙi raguwa, lalita ta ƙaru. Na yanka sabuwa, inci bakwai, na sa tawa wayar, don girmansu ɗaya da wadda aka ɗora wa Inna. Na ɗaura, na sa zane biyu, na fita tsakar gida na sunkuya kamar mai jan guga.

Maƙwabciyata Kausar tana shanya, ko juyowa sosai ba ta yi ba ta ce, "Ke Naja, mi kika ɗaura a ciki haka kamar katako?"

Na koma ɗaki na kwance, na jefa lalitar bayan keke. Kausar ce ta gani, da idon shanya, daga nesa. Ina ga masu idon nema?

Don haka Inna ba za ta taɓa kai waccan wayar rijiya ba. Na san ta. Tana can ta tusa ta wani wuri, tana zaune shiru.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Yaya ya aiko wai ya yi magana da dilansa na Kano, akwai wata sabuwa mai suna Mini, za a sako ta a mota. Na ce ya tambayi tsawonta. Wai ya tambaya, an ce ƙarama ce, sunanta ma ya nuna. Na ce inci nawa? Wai wa ke auna waya da inci in ba ni ba.

Ni kuwa da za a kawo mini yadi a ce in ɗinka "ƙarama" ba awo, korar mutum zan yi.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

An yi ruwa mai ƙarfi. Kowa na cewa alhamdulillahi, shuka ta sha. Ni ma na ce, amma a baki ya tsaya. Allah ka yafe mini.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe shida saura na yamma

Tana da rai. Bari in fara rubuta wannan: Inna tana da rai, ƙafarta ƙalau.

Makau ya ga Hidaya, maƙwabciyar Inna, ta fito Adabka sayen gishiri da maganin yaro. A shagon Yaya ya same mu, don na je jin labarin motar Kano. Ya ce Hidaya ta ce gidaje da yawa sun tashi, saura su kaɗan. Sabuwar wayar tana cikin tukunyar gero, ba a ko kunna ta ba. Hidaya ba ta san ranar da Inna za ta shirya ba, kuma ko ta sani, ranar da hanya ke buɗewa ba a saninta sai ana gobe ko jibi. Za ta yi ƙoƙarin sake fitowa Laraba mai zuwa. Ruwa ya kai ƙwauri.

Sai Makau ya sosa kai ya ce, "Akwai kuma saƙo. Tsohuwa ta ce a tambayi Naja, shin ta isar da abin da anka ba ta ran Sallah?"

Yaya ya juyo. "Wane abu?"

Na ce ban sani ba, tsufa ne. Na ɗauki jakata na fito.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan sallar asuba

Na sani.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na ɓata wuyan riga biyu. Gara in rubuta.

Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta dubansa ido da ido, ba ta musu da shi, ko ruwa take so ya miƙo sai ta ce da ni, "ki ce mai." Haka ta taso ta ga ana yi, haka take yi. Ni ce bakinta wajensa tun ina 'yar shekara shida.

Ran Sallah da ya ajiye mata kwalin, gida cike da mutane, ana ta guɗa. Ni na fi kowa ɗaga murya, ina cewa Inna ta zama Hajiya, Inna ta shigo gari. Na ɗauke ta hoto da ita a hannu. Da muka shiga madafa ta kamo gefen zanena ta ce a hankali, "Ki ce mai ya bar mini tawa. Wagga ba ta shiga."

Na ce haba Inna, kar ki ba shi kunya a gaban surukansa, za ki saba. Na ce zan faɗa masa an jima. Nama na kan wuta, baƙi na shigowa, an jima ta zama gobe. Da na tuna, ya riga ya sayar. Sai na yi shiru, na ce a raina ai za ta saba ɗin.

Ita kuwa tana can tana zaton na faɗa masa ya ƙi.

Kwana goma ina wanke shi tas a gaban masu sayayya. Har yanzu ina jin haushinsa, wallahi ina ji, wa ya ce ya taɓa abin da ba a tambaye shi ba? Amma shi bai sani ba. Ni na sani.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Mini ta iso. Na buɗe kwalin, na sa tef: inci shida da ɗigo. Wai Mini ce don tana da yaya wadda ta fi ta girma. Allah wadaran wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya raɗa mata wannan suna. Kwana huɗu muka zuba wa mota ido saboda kalma ɗaya.

Yaya ya matso. Ya karɓi tef ɗin daga hannuna, ya auna da kansa, ya mayar da ita kwali. Ban yi masa faɗa ba. Ya dube ni yana jira, da ya ga shiru ya ce, "Lafiya kike?"

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Shagonsa a rufe. Na kira, bai ɗauka ba. Uwarsa na can, shi ya tafi yawonsa.

Lahadi, 20 ga Yuli, la'asar

A rufe kuma. Matarsa ta ce tun safe yake fita, ya dawo takalmi duk laka, ba ya cin abinci. An sake ruwa. Kwana talatin cif.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Da hantsi Yaya ya tsaya ƙofar gida da mashin ya ce in ɗauko lalitar in hau. Ashe ya tuna abu ɗaya game da wanda ya sayi wayar: kuɗin da ya miƙo masa suna ƙarnin kifi. Kwana uku yana bin bakin gulbi, masunci bayan masunci, yana tambaya.

Mun sami mutumin yana gyaran komarsa ta kamun kifi a gindin wata bishiya. Sunansa Nuhu, dattijo, baƙi siriri. Ya ciro wayar daga cikin wata 'yar robar man shafawa mai marfi. Da na ga karcen nan na kusurwa, inda ta taɓa faɗuwa a kan dutsen niƙa, sai da na dafa mashin.

Yaya ya buɗe kwalin Mini ya ce musaya, sabuwa dal, ba ciko.

Nuhu ya leƙa, ya taɓe baki. "Mi zan yi da faranti cikin kwale-kwale? Wata ukku ina zagaya kasuwar ga kahin in samu wadda ka shiga robata. Kowa ya ce babu, wajenka ma sai da na yi sa'a. Ku riƙe abinku."

Yaya ya fara lallashi irin na 'yan kasuwa, batiri kaza, kyamara kaza. Na ce ya isa, Yaya. Na durƙusa na ce Baba, ga lalita, ka sa da hannunka. Ya sa, ta shige tsaf kamar ba ta taɓa fita ba. Na gaya masa ta wace ce, da inda take, da tudun rijiya. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga mini hannu, don ya san sauran. Ya nemi tsinke, ya cire layinsa, ya ƙulle a bakin hula.

Ya ce, "In tsohuwa ta hito, ku maido mini. Farantin kuwa ban so."

A hanyar dawowa, ina bayansa, inda ba sai na dubi fuskarsa ba, na faɗa masa. Duka, har maganar madafa. Bai tsaya ba, bai juyo ba. Mun yi nisa kafin ya ce, "Ta ce haka?" Na ce e. Ya ce, "Da bakinta?" Na ce e. Har ya sauke ni bai ƙara cewa uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya sa wa wayar sabon layi, ya cika ta da caji, ya mayar da hotona inda yake a da, ya goge duk wani abu da zai yi ƙara. Ya kawo da kansa ya ajiye a kan keke, ya ce, "Ki yi mata magana tun tana nan, saƙon ya shiga. Ki faɗa mata ban sani ba." Daga nan ya tafi.

Na rufe ɗaki na yi. Minti shida. Na ce Inna ban isar ba, ni ce, ba shi ba ne. Na ce ki bar akuyoyin, ki bar gonar, ki faɗi rana kawai. Sauran abin da na ce ba na takarda ba ne.

Na ƙara wa igiyar lalitar ɗinki biyu.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Hidaya ta fito, Allah ya saka mata. Makau ya miƙa mata wayar cikin lalita, ta shiga bayan wani shago ta ɗaura a ƙugunta. Makau ya ce da ta fito ko shi da ya sani bai ga alamar komai ba. Ruwa ya kai gwiwa, ta ce da kyar ta tsallako.

Alhamis, 24 ga Yuli, hantsi

Na tura sabon saƙo, sallama kawai. In ya shiga, ta hau tudu ke nan. Alama ɗaya.

Juma'a, 25 ga Yuli, azahar

Ɗaya. Hadari ya haɗu ta gabas. Wata ta kawo ɗinkin biki tana ta nuna mini salo a wayarta mai faɗin tire, tana cewa dubi yadda komai ke fitowa sarai. Na ce na gani. Ban jefe ta da almakashi ba, a rubuta mini lada.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe takwas da minti goma na safe

Biyu! Alama biyu!

Asabar, ƙarfe tara na safe

Daƙiƙa goma sha huɗu ne duka saƙon. Na saurara ya fi sau ashirin, ga shi yadda ta faɗa:

"Naja, ta shiga. Litinin da hantsi, a mashigi, in Allah ya so. Surutunki ya yi yawa, kin cinye mini caji. Ki ce ma wancan ya ci abinci, Hidaya ta ji an ce ya rame."

Ko mayafi ban daidaita ba na fita. A ƙafa na je kasuwa, shago cike da mutane, na ture su na tsaya gaban kanta na ce, "Yaya, Inna ta ce ka ci abinci." Masu sayayya suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, la'asar

Yayyafi tun safe. Ya Allah ka riƙe shi kwana ɗaya, kwana ɗaya tak.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Tana nan. Tana kwance a kan tabarma kusa da keke, ta yi barci da zanenta mai laima, ta ƙi a canza mata.

Makau ya ce ruwa ya kai mata ƙugu. Ta kwance lalitar ta ɗaura a wuya, Hidaya na riƙe da hannunta, ƙullin kaya ɗaya a ka. Akuyoyi ta bar wa waɗanda suka rage. Ba ta ce komai a kan abin da suka wuce a hanya ba, Makau ma bai ce ba.

Da ta huta, Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ta jawo ƙullin ta kwance. Na zaci magungunanta ne da tufafi. Gero ne, kamar tiya biyu. Ta tura hannu ciki ta ciro kwalin. Kwalin Sallah, da babbar wayar a ciki, ko ledar gilashin ba a ɓare ba.

Na yi ihu. Wallahi na yi mata ihu, uwata, a gaban mutane. Na ce Inna, da wannan kika ratso su? A kanki? Da an ce ki sauke kaya fa? Kika bar maganin hawan jininki, kika bar zannuwanki, kika ɗauko wannan abin da ya kusa hallaka mu?

Ko kallona ba ta yi ba. Ta hure ƙurar geron, ta goge kwalin da bakin mayafi, ta ce, "Shi na ba ni. Tun da anka haihe shi bai taɓa ba ni abu mai tsada kamar wagga ba. In bar musu?"

Ta miƙo mini, idonta a ƙasa, shi yana nan tsaye taku uku daga inda take.

"Ki ce mai na gode."

Ban jira an jima ba. Na juya na ce, "Yaya, Inna ta ce ta gode."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya fita zaure, ina jin yana ta share hanci.

Har yanzu raina a ɓace yake, ban ma san da wa ba. Gobe da safe zan kai wa Baba Nuhu wayarsa. Inna ta ce a bar masa har da lalitar.